Agogo mai tsada a bakin teku: a ɗaura ko a bari a ɗaki?

Hutun ƙarshen shekara ya ƙarato, masu hali sun fara yankar tikiti, kuma wasiƙun da suka shigo mini a ƴan kwanakin nan da yawansu a kan abu ɗaya suke, wato agogo da ruwan teku. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Daga Kano, wani ɗan kasuwa ya rubuto: "Ina da Rolex Submariner da na saya wurin wani dillali a Dubai shekara shida da suka wuce. Na hannu ne, amma da takardunsa. Tun da na saye shi ba a taɓa buɗe shi ba, bai kuma taɓa ba ni matsala ba. Za mu je Zanzibar da iyali. Abokaina sun ce wauta ce in shiga teku da kuɗin gida a hannu, ni kuwa na ga an rubuta mita 300 a fuskarsa. Wa ke da gaskiya?"

Alhaji, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Idan maganar irin agogon ake yi, kai ke da gaskiya. Submariner don ruwa aka ƙera shi tun fitowarsa a 1953, shekarar da kamfanin Blancpain shi ma ya fitar da nasa agogon masu nutso, Fifty Fathoms. Kafin nan ma, tun 1926 Rolex ya fito da gidan agogon da ya kira Oyster, wanda murfin bayansa da makullinsa, wato maɓallin saita lokaci, duk murɗa su ake yi su kulle gam. A watan Oktoban 1927 wata ƴar Ingila mai suna Mercedes Gleitze ta shafe sama da awa goma tana ninƙaya a ruwan sanyin da ke tsakanin Ingila da Faransa da irin wannan agogo rataye a wuyanta, aka tsamo ta agogon yana tafiya daidai, kuma da wannan labari kamfanin ya tallata kansa a duniya. Saboda haka wanda ya ce maka Submariner ba ya shiga teku bai san abin da ke hannunka ba. Ni har takaici nake ji idan na ga agogon da aka sha wahalar ƙerawa don ƙarƙashin ruwa ya tsufa bai taɓa ganin ruwan da ya wuce na buta ba.

Duk da haka, da ni ne kai ba zan shiga ruwa da shi a yadda yake yau ba, kuma dalilina yana cikin wasiƙarka, inda ka ce ba a taɓa buɗe shi ba. Kai yabonsa kake yi da wannan magana, ni kuwa a nan hankalina ya tashi.

Ba ƙarfe ne ke tsare ruwa daga shiga agogo ba, roba ce. Ƙofa uku ruwa yake da su: murfin baya, da bakin gilashi, da makulli, wato ɗan maɓallin gefen nan da kake jawowa ka saita lokaci. A kowace ƙofa akwai siririn zoben roba da aka matse tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Ka tuna robar da ke bakin murfin kular abinci: tana sabuwa ko ka kifa kular miya ba za ta ɗiga ba, amma in ta kwana biyu sai ta bushe ta tsattsage, kular na nan da kyanta miya kuwa na yoyo. Haka robar agogo take tsufa a ɓoye, agogon yana ta ba da lokaci daidai, babu abin da zai nuna maka. Zafin Kano na watan Afrilu da ke haura digiri 40, da bushewar hunturu, da gumi, da sabulu, da turaren da ake fesawa a wuyan hannu, duk suna ƙara mata saurin lalacewa. Mita 300 ɗin da kake gani sakamakon gwaji ne da aka yi ranar da agogon ya bar masana'anta a Suwizalan da sabuwar roba. Kai ka riƙe shi shekara shida, ba ka san nawa ya yi a hannun na farko ba, ba ka kuma san ko wani ya taɓa buɗe shi ya mayar da murfin a karkace ba.

Maganin wannan ba shi da wuya. Kafin tafiya ka kai shi a yi masa gwajin matsi. Akwai na'urar da ake sa agogo a ciki a rufe, a cika ta da iska ko a zuƙe iskar, ita kuma tana auna yadda jikin agogon ke lotsawa da abin da ido ba ya gani. Idan iska na shiga ta wata kafa, na'urar za ta nuna. Ƴan mintoci ne, ba a buɗe agogon, ruwa kuma ba ya taɓa shi. Kamfanin Omega yana shawartar masu agogonsa su yi irin wannan gwaji sau ɗaya a shekara, Rolex kuwa ya ce a kai masa agogo a yi masa cikakken sabis wajen duk shekara goma. Naka, in aka haɗa da shekarun mai shi na farko, mai yiwuwa ya kai ko ya kusa. Akwai dillalin da Rolex ya amince da shi a Legas da Abuja, can za ka nufa, ka kuma nemi a ba ka sakamakon a rubuce. Masu gyaran agogonmu na kasuwa akwai gwanaye a cikinsu, masu hannu da ido, ina girmama su ƙwarai. Amma wanda ba shi da wannan na'ura ba zai iya ce maka agogo zai jure teku ba, kuma kada ka yarda wani ya tsoma maka shi a kofin ruwa ya ce gwaji ne.

To mu ƙaddara ya ci gwajin. Abin da na fi jiye maka yanzu shi ne ranar sauka. Zanzibar tana gaban Najeriya da awa biyu. Jirgi na sauka za ka kwance makullin ka gyara lokaci, yara na jan riga, ana neman jakunkuna, sai ka tura shi ciki ka manta ba ka murɗa shi ya kulle ba. Washegari ka faɗa ruwa. Ta wannan hanya ruwa ya fi shiga agogon masu nutso, kuma garanti ba ya biyan ɓarnar da barin makulli a buɗe ya jawo. Ka mayar da shi ɗabi'a: duk lokacin da ƙafarka za ta taɓa ruwa, ɗan yatsanka ya fara taɓa makullin. Ka murɗa har ya tsaya, ba sai ka ƙara masa ƙarfi ba. Kada kuma ka kwance shi agogon na jiƙe.

Bayan an fito daga ruwa sai wanki. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri wajen giram 35. Ruwan zai bushe, gishirin ya zauna a tsakanin ƴaƴan sarƙa, da cikin maƙulli na sarƙar, da ƙarƙashin zoben nan mai juyawa da ke kewaye da gilashi. Ƙarfen da Rolex ke amfani da shi, wanda ake kira 904L, yana da juriyar gishiri sosai, amma roba da ƴan ƙananan sifirin da ke ɓoye ba su kai shi ba. Da ka koma ɗaki ka tara agogon a famfo, ruwa mai ɗan sanyi ko ɗumi kaɗan, ka juya zoben a hankali ruwan na zuba a kansa, ka bi sarƙar da tsohon buroshin haƙori mai laushi, ka goge da tsumma. Idan ka ji zoben yana ƙaras-ƙaras a bakin teku, rairayi ne ya shiga, kada ka juya shi da ƙarfi a bushe, ka bari sai ƙarƙashin famfo. Rairayin Zanzibar fari ne mai laushi, yawancinsa daga murjani da ɓawon halittun ruwa ya samo asali, bai kai na Legas kaifi ba, amma duwatsun murjanin da ke cikin ruwan suna karce ƙarfe. Gilashin ba abin da zai same shi. Gefen agogon mai sheƙi kuwa zai dawo da ƴan zane-zane, ka sa wannan a ranka tun daga gida.

A nan ne zan ba abokanka nasu kason na gaskiya. Gwaji yana maganin shigar ruwa, ba ya maganin faɗuwa. Idan kuka hau kwalekwale zuwa wajen tsibirin Mnemba kallon kifi, agogon da ya suɓuce a can ya tafi ke nan. Tunda na hannu ne, ka sa mai gwajin ya duba ƙusoshin sarƙar da maƙullinta, ya kuma sauya ƴan ƙarafan nan biyu masu sifirin da ke haɗa sarƙa da jikin agogo. Sannan ka tambayi kanka me agogon yake a wurinka. Idan ajiyar dukiya ce da kake shirin sayarwa wata rana, ka bar shi a Kano, domin kowane karce ragi ne a bakin mai saye. Idan kuwa don jin daɗinka ka saya, kuma rasa shi zai ba ka haushi ne kawai ba zai taɓa jarinka ba, ka gwada shi, ka kulle makullinsa, ka shiga ruwanka.

Wata amarya daga Kaduna ta ce: "A cikin kayan lefena akwai agogon Cartier Tank mai maɗaurin fata. Za mu je Dubai ni da maigida. Takardarsa ta ce yana jure ruwa har mita 30. Ni ko iyo ban iya ba, iyakata in tsoma ƙafa a ɗauki hoto. Ai ba matsala ko?"

Amarya, Allah ya sanya albarka ya ba da zaman lafiya. Ki bar shi a ɗaki.

Wannan mita 30 ta yaudari mutane da yawa, kuma ban ga laifinsu ba, domin duk mai hankali zai ɗauka zurfin ruwa ake nufi. Abin da ake nufi shi ne an sa sabon agogo a na'ura, ba ya motsi, aka matsa masa nauyin da ya yi daidai da na ruwa mai zurfin mita 30, na ɗan lokaci, bai yi yoyo ba. Ƙa'idar da ake bi wajen agogon yau da kullum, ISO 22810, ba ta ma wajabta a gwada kowane guda ba, ana iya ɗibar samfuri daga cikin waɗanda aka ƙera. Shi ya sa yawancin kamfanoni da masu gyara suka daidaita a kan cewa mai mita 30 na fantsamar ruwa ne, wato alwala da wanke hannu da yayyafi. Mai mita 50 ana saɓani a kansa, ni dai ba na kai shi teku. Daga mita 100 ake fara maganar iyo da kwanciyar hankali. Wanda aka rubuta wa kalmar Diver's a fuska shi ne ya bi ƙa'idar masu nutso, ISO 6425, wadda ta ce a gwada kowane guda, a kuma ɗora masa kashi 25 cikin 100 a kan abin da aka rubuta.

Za ki ji ana cewa wai kaɗa hannu a cikin ruwa ne ke ninka matsin har ya wuce mita 30. Ƙarin da kaɗa hannu ke kawowa kaɗan ne, ba a nan gizo ke saƙar ba. Agogon ado siriri ne, robarsa siririya, makullinsa turawa kawai ake yi ba murɗawa ba, ƴar tsufa kaɗan ko ɗan bugu ya isa ya buɗe wa ruwa hanya. Tank kuma, wanda Louis Cartier ya zana a 1917, mai kusurwa huɗu ne, toshe kusurwa kuwa ya fi toshe da'ira wuya. Gaskiya ne kamfanin Patek Philippe ya sanar a 2024 cewa ya mayar da agogunansa masu jure ruwa kan mita 30 gaba ɗaya, ya ce kuma ana iya iyo da su. Wannan alkawarinsa ne a kan nasa kayan, bai shafi na wani ba.

Ko da a ce ruwa ba zai shiga ciki ba, maɗaurin ya isa dalili. Fata da ruwan gishiri ba sa shiri: za ta sha, ta bushe ta ƙandare, launinta ya dushe, ta fara wari, ɗinkinta ya saki. Kin ce ƙafa kawai za ki tsoma, amma igiyar ruwa ba ta tsayawa inda aka tsaya mata, kuma da kin sunkuya tattare bakin abaya hannun ya shiga. Ga man da ake shafawa don kariya daga rana, ga rairayi da ke manne wa mai, ya shiga ƙarƙashin agogon yana goga. Idan na zinare ne ma abin ya fi muni, domin zinare mai karat 18 ƙarfe ne mai taushi, kuma sinadarin kulorin na tafkin wanka na otal yana cin ƙarafan da aka gauraya shi da su. Wata shawara da ba ki tambaya ba: humra da turaren fesawa, ki shafa su bushe kafin ki ɗaura agogon, ko a gida ne. Hoton kuma ku ɗauka da yamma a busasshen wuri, teku na bayanki, agogon zai fito da kyau.

Wani matashi da ke aiki a Legas ya tambaya: "Ina yawan zuwa Tarkwa Bay da Elegushi ranar hutu. Ina son agogon da zai burge kuma in yi iyo da shi. Kuɗina ba su kai na Rolex ba, amma wani ya nuna mini kwafinsa mai kyau, ya ce shi ma yana shiga ruwa. In saya, ko me ka gani?"

Ƙanina, kada ka saya. Mai yin jabu ƙoƙarinsa duk yana kan abin da ido ke gani: tambari, da launi, da nauyi a hannu. Robar ciki da gwajin matsi ba a ganinsu a hoto, don haka nan yake tsimin kuɗinsa. Rubutun mita 300 da ke fuskar jabu fenti ne kawai, babu wanda zai tsaya maka a kansa ranar da ya cika da ruwa. Araha ba ta ado. Ga kuma wani abin da ba a cika tunawa ba: ɓarawo ba ya tsayawa tantance na gaske da jabu kafin ya fizga, sai ka ɗauki haɗarin mai Rolex alhali ba ka da shi.

Da kuɗin da za ka ba mai jabun, ko ƙasa da haka, za ka samu agogo na gaske da ba ya tsoron teku. G-Shock na kamfanin Casio, wanda injiniya Kikuo Ibe ya fito da shi a 1983, mita 200 ne, jikinsa da maɗaurinsa roba, ba ruwansa da tsatsa ko bugu, kuma ƙananan cikinsu ba su kai dala 100 ba a inda ake sayar da su da farashin kamfani. Idan kana son mai tsinke da zobe mai juyawa, irin siffar da ta burge ka a jikin Submariner, Casio na da wani da ake kira Duro, shi ma mita 200, makullinsa na murɗawa, farashinsa kusan ɗaya da na farkon. In za ka iya ƙara ƴan ɗaruruwan daloli, ka duba Seiko Prospex ko Citizen Promaster masu rubutun Diver's 200m. Seiko tun 1965 yake ƙera agogon masu nutso, ba baƙo ba ne a harkar. Ni a wurinka Citizen ɗin nan mai caji da haske, Eco-Drive, na fi so, saboda dalili ɗaya: ba a buɗe bayansa duk shekara biyu ko uku don sauya batir, kuma kowace buɗewa dama ce ta lalata roba. Sai dai ka sani G-Shock ma ana yin jabunsa, ya cika kasuwa. Ka saya inda za a ba ka rasit da katin garanti.

Tekun Legas ba wasa ba ne. Tarkwa Bay da ɗan sauƙi saboda shingen duwatsun mashigar tashar jiragen ruwa ya kare shi, amma a buɗaɗɗen gaɓa irin Elegushi igiyar ruwa tana da ƙarfin da za ta kayar da ƙato ta birkita shi a rairayi. A irin wannan bugu ba ruwa ne ke shiga agogo ba, ɗan ƙarfen nan mai sifirin ne ke ɓallewa, agogon ya bar hannu ba ka ma ji ba. Maganinsa maɗaurin nailan mai ratsawa ta ƙarƙashin agogo, wanda ake kira NATO, da ya samo asali daga sojojin Birtaniya a 1973. Yana bi ta cikin ƙarafan biyu, ko ɗaya ya ɓalle ɗayan na riƙe da agogon. Ba shi da tsada, yana wankuwa, yana bushewa da wuri. Rairayin can kuma mai kaifi ne, ya fi ƙarfen agogo tauri, saboda haka in ka kwanta kada ka riƙa binne hannu a ciki.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi duk na baya muhimmanci a wurina. Idan agogo ya suɓuce maka a ruwan nan, ko na nawa ne, kada ka bi shi. Ruwan yana da jan da ke komawa ciki, kuma ana rasa rayuka a gaɓar Legas, har da na waɗanda suka iya iyo.

Daga Akara, wani bawan Allah ya ce ya je bakin tekun Labadi da agogonsa mai inji, da ya dawo gida ya ga gilashin ya yi gumi daga ciki. An ce ya binne shi a shinkafa.

Malam, ka bar shinkafa a buhunta, ka kai agogon wurin mai gyara yau, in dare ya yi gobe da sassafe. Hazon da ya bayyana na ɗan lokaci sa'ad da agogo mai zafi ya shiga ruwan sanyi, ya kuma ɓace nan take, wani lokaci ba komai ba ne illa ɗan laimar iskar da ke ciki. Amma gumin da ya biyo ka har gida, ko ɗigo da kake gani, ruwa ne ya shiga, kuma na gishiri. Injin agogo cike yake da ƙananan ƙarafa da ba su da kariyar jikin waje, tsatsa kan fara kama su cikin ƴan kwanaki, fuskar agogon da tsinkayensa su ma su yi tabo. Shinkafa ba za ta zuƙo ruwa ta cikin ƙarfe ba, ko ta zuƙo ma gishirin yana nan. Kada ka shanya shi a rana, kada ka hura masa na'urar busar da gashi. Aikin mai gyara ne ya buɗe, ya kwance injin, ya wanke, ya sa mai, ya sauya roba. Da mai batir ne ma, da abin farko shi ne a cire batirin. Kwana uku na jinkiri na iya mayar da kuɗin wanki ya zama kuɗin sabon inji.

Wani kuma da ke zaune a Jidda ya ce ya gaji Rado daga mahaifinsa, wanda marigayin ya sayo a aikin hajji shekaru da dama, yana so ya san ko zai iya zuwa bakin tekun Obhur da shi.

Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa. A'a, Malam, ko kusa. Tsohon agogo ko me aka rubuta a bayansa a ɗauka ba ya jure ruwa, kuma Bahar Maliya ta fi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita. Wasu kayan cikin irin waɗannan agogunan ba a ƙera su kuma, in sun lalace sai dai a yi ta cigiya. Ko alwala ma ka riƙa cire shi, kada kuma ka bar shi a mota a ranar Jidda. Abin da babu inda za ka sayo madadinsa ba a kai shi bakin ruwa.

Tambaya ta ƙarshe daga wata Hajiya ce a Abuja, wadda za su je Basalona da ƴaƴanta. Agogonta Omega Seamaster ne, an gwada shi bana. Tana so ta san wanne ya fi: ta shiga ruwa da shi, ko ta cire ta naɗe a tawul ta bari a jaka.

Hajiya, cikin biyun nan, a hannunki ya fi. Jakar da aka bari a kan rairayi mai ita na cikin ruwa ita ce abin da masu ɗauke-ɗauke ke jira, kuma agogonki ba ya tsoron ruwan. Amma akwai zaɓi na uku da na fi so miki, shi ne kada ya bar otal. Basalona ta yi ƙaurin suna wajen fizgen agoguna masu tsada, kamar yadda Napoli da Landan suka yi. A Landan har sai da ƴan sanda suka riƙa sa jami'ansu cikin farin kaya su ɗaura agoguna masu tsada su yi yawo a unguwar Soho don kama masu fizgen. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, daga nesa suke gane agogo, kuma a bakin teku hannu a buɗe yake. Ba a cikin ruwa suke tarar mutum ba, a hanyar komawa ne, wajen cin abinci ko ƙofar otal. Kina tare da yara, ba na so ki shiga kokawa da kowa a kan ƙarfe. In tsautsayi ya gitta aka kama hannunki, ki sakar musu.

Kafin ku tashi daga Abuja ki ɗauki hoton agogon gaba da baya, da lambarsa ta musamman da ke jikinsa, da katin garanti da rasit, ki tura wa kanki ta imel, takardun na asali kuma su zauna a gida. Da wannan lambar ake kai rahoto ga ƴan sanda, da ita kuma ake shigar da agogon da aka sace a rumbun The Watch Register da ke Landan, wanda dillalai ke dubawa kafin su sayi na hannu. Idan kina da inshora, ki karanta takardar da kyau ko ki kira su ki tambaya a fili: tana aiki a wajen Najeriya? Tana biyan ɓata, ko sata kaɗai? Tana biya idan daga akwatin ajiyar ɗakin otal aka ɗauka? Inshorar tafiya ta yau da kullum takan sa iyaka a kan abin da za ta biya na kaya guda ɗaya, kuma iyakar ba ta cika kusantar kuɗin Omega ba. Idan otal ɗinku na da akwatin ajiya a wajen masu karɓar baƙi, inda ake ba da rasit, ki fifita shi a kan na cikin ɗaki, ki kuma tabbata an rubuta lambar agogon a jikin rasit ɗin.